Fita daga shaye-shaye: abin da ya kamata ku sani

Idan ka taɓa fitowa sallar asuba ka bi ta bayan wani kango da samari ke zama da dare, ka san abin da ake tararwa a ƙasa: ƙananan kwalaben maganin tari babu ko ɗigo a ciki, fallayen ƙwaya da aka ɓare aka watsar, guntayen tabar wiwi, wani lokaci har da tsumma mai warin sholisho. Mai shara ya tattara ya zuba a bola, gari ya waye kamar ba a yi komai ba. Amma wanda ya shanye kwalbar nan yana da uwa, kuma mai yiwuwa ba ta runtsa ba a daren.

Wannan bayani na mutum biyu ne. Na farko kai da kake sha, ka gaji, ka sha yin rantsuwa cewa daga yau ka bari, amma kafin la'asar ka sake tsintar kanka a wurin dila. Na biyu kai ko ke da kuke da ɗa, ko ƙane, ko miji, ko mata a cikin wannan hali, kun yi faɗa, kun yi kuka, kun yi addu'a, har kun rasa ta inda za ku ɓullo wa abin. Ana fita daga shaye-shaye, kuma mutane da yawa sun fita sun gina rayuwa mai kyau. Sai dai fitar tana da tsari, kuma rashin sanin tsarin ne ke sa gidaje da yawa su ɓata shekaru da dukiya a inda babu magani.

Mece ce kamuwa, kuma yaya ake gane ta?

Ba duk wanda ya taɓa ɗanɗanawa ne ya kamu ba. Ana cewa mutum ya kamu ne idan abin ya ƙwace linzami daga hannunsa. Likitoci suna duba wasu alamu. Shin abin da ke isarsa a da ya daina isarsa, ƙwaya ɗaya ta koma uku, kwalba ɗaya ta koma biyu? Idan bai samu ba jikinsa yana ciwo? Ya yi niyyar bari ya kasa? Ya fara sakin abubuwan da ya damu da su a da, kamar sana'a, karatu, salla a kan lokaci, zama da iyali? Babbar alama kuwa ita ce ya ga ɓarnar da idonsa, an kore shi daga aiki, matarsa ta yi yaji, ya faɗi da babur, amma duk da haka ya ci gaba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan hali a jerin cututtuka. Kuma ba ƙwaya kaɗai ba: sigari, giya, har da caca, irin wadda matasa ke yi a waya a kan wasan ƙwallo, duk hanya ɗaya suke bi a cikin ƙwaƙwalwa. Abin da za ka karanta a nan ya fi karkata ga ƙwaya da kayan maye, amma mafi yawansa zai yi wa mai caca amfani.

Me ke faruwa a cikin ƙwaƙwalwa?

Akwai wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke fitarwa mai suna dofamin. Aikinsa shi ne ya yi wa abu alama cewa "wannan yana da daɗi, a sake nemansa". Idan ka sha ruwan sanyi bayan azumi, ko ka ci riba a kasuwa, ko ɗanka ya ruga ya rungume ka, dofamin na cikin abin da ke sa ka ji wannan sanyin a rai. Kayan maye suna sa a saki wannan sinadari da yawa fiye da yadda abinci ko riba ko zumunci za su iya sawa. Ita kuwa ƙwaƙwalwa ba ta son ambaliya, sai ta rage jin sa domin ta kare kanta.

Ka ɗauki misalin mutumin da ya saba da shayi mai sukari cokali biyar. Ranar da aka miƙa masa mai cokali ɗaya zai ce salam ne, alhali akwai sukari a ciki, harshensa ne ya canza. Haka rayuwa gaba ɗaya take zama salam ga wanda ya kamu. Hira ba daɗi, abinci ba daɗi, wasa da yara ba daɗi. Daga nan ba don jin daɗi yake sha ba, yana sha ne domin ya ji shi daidai kamar kowa, ya iya tashi daga kan katifa.

Akwai kuma sashen gaba na ƙwaƙwalwa, daidai bayan goshi, wanda ke aiki kamar birki: shi ke auna abu ya ce tsaya, ka tuna gobe. Wannan sashe ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25, kuma yawan shan kayan maye yana raunana shi. Shi ya sa wanda ya fara tun yana ɗan shekara 14 ya fi saurin kamuwa, ya kuma fi shan wuyar bari.

Na san tambayar da ke zuciyarka: to ai shi ya kai bakinsa da hannunsa, yaya za a ce cuta ce? Gaskiya ne, shan farko zaɓi ne, kuma kiran abin cuta bai wanke kowa daga laifi ba. Mai ciwon suga ma cutarsa ba ta ɗauke masa nauyin kiyaye abinci da shan magani ba. Amfanin sanin cewa cuta ce shi ne a daina tsammanin duka da zagi za su gyara abin da ya canza a cikin ƙwaƙwalwa. Kuma akwai albishir: ƙwaƙwalwa tana farfaɗowa idan aka daina, harshen nan yana dawowa ya sake jin zaƙin cokali ɗaya. Sai dai ba a mako guda ba. Watanni ake yi, wani ma fiye da shekara.

Su wa abin ya shafa?

Binciken ƙasa baki ɗaya da Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya gano cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye a cikin shekara guda, ban da giya da sigari. Wiwi ce a gaba da mutum miliyan 10.6. Masu shan magungunan kashe zafi irin su tiramol ba bisa ƙa'ida ba sun kai miliyan 4.6, masu shan maganin tari don maye kuma miliyan 2.4. A jihar Kano kaɗai an ƙiyasta sama da mutum miliyan ɗaya. Ba matsalar Arewa ce kaɗai ba, domin Kudu maso Yamma ta fi kowane yanki yawa a wannan bincike.

Abu biyu a cikin rahoton sun cancanci a tsaya a kansu. Ɗaya cikin biyar na masu sha ne ya kai matakin kamuwa sosai, wato wajen mutum miliyan uku. Sannan ɗaya cikin huɗu na masu sha mace ce. Wannan na biyun shi ne wanda muke rufewa. Namiji ana ganinsa a majalisa yana layi, ita kuwa tana cikin ɗaki, maganin tari mai kodin yana cikin robar lemo, babu wari, babu hayaƙi. Wata ta faro ne daga ƙawaye a gidan biki, wata daga baƙin cikin zaman aure, wata daga allurar kashe zafi da aka yi mata a asibiti ta ci gaba da nema bayan ciwon ya wuce. Kuma saboda tsoron kada a ji a gari aurenta ko na ƙannenta ya lalace, sai a ɓoye ta har abin ya yi nisa.

Kada kuma ka ɗauka sai ɗan daba. Akwai lebura da ɗan adaidaita da manomi da suka fara shan tiramol domin su ƙara awa biyu a kan aiki, a Najeriya da Nijar duka. Tiramol na asibiti yawanci miligiram 50 ne ko 100. Wanda ake sayarwa a ɓoye yakan kai 225 ko 250, kuma idan ya yi yawa a jiki yana jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya. A watan Mayun 2018, bayan wani rahoton bincike na BBC a kan kodin, gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Kwalbar ta yi tsada, amma waɗanda suka riga suka kamu ba su warke da sanarwa ba, da yawansu wani abin suka koma wa.

Zan iya bari da kaina a gida?

Ya danganta da abin da kake sha, kuma a nan ina roƙonka ka karanta a hankali, domin akwai inda rai ke iya salwanta.

Jikin da ya saba da abu, ranar da aka hana shi sai ya yi bore, kamar yaron da aka cire daga nono. Bari mu kira wannan ciwon yaye. Ga mai shan kodin ko tiramol ko allurar fenta, ciwon yakan fara a cikin kwana guda bayan shan ƙarshe: hamma ba ƙaƙƙautawa, hawaye da majina, gumi da sanyi a lokaci ɗaya, ciwon gaɓoɓi kamar an yi maka duka, murɗawar ciki, amai da gudawa, rashin barci. Yakan yi tsanani a kwana na biyu da na uku, sannan ya fara sauka, mafi yawa ya lafa cikin mako guda zuwa kwana goma. Yana da azaba ƙwarai, amma shi kansa ba kasafai yake kisa ba, matuƙar ana mayar da ruwan da jiki ke zubarwa. Tiramol yana da ƙarin nasa: tsoro mai tsanani, ruɗewa, wani har ya riƙa ganin abin da babu. Mace mai ciki kuwa kada ta yanke irin waɗannan farat ɗaya ba tare da likita ba, domin cikin na iya taɓuwa.

Giya da ƙwayoyin sa barci, irin su diyazafam da rochi, su ne masu haɗari. Wanda ya daɗe yana shan su kullum, idan ya tsaya rana ɗaya, yana iya kamuwa da jijjiga da gushewar hankali, kuma ana mutuwa a haka. Waɗannan a hankali ake rage su, bisa lissafin likita. Ganin cewa yawancin masu sha suna haɗa abu biyu ko uku ne, abin da ya fi aminci shi ne a faɗa wa likita gaskiyar duk abin da ake sha, da yawansa, kafin a tsayar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Likita ba ɗan sanda ba ne, kuma aikinsa ya ɗora masa riƙe sirrinka.

Wiwi da sigari ana iya barin su a gida. Za a sha fama da saurin fushi, rashin barci da rashin cin abinci na mako biyu ko fiye, amma babu haɗarin mutuwa. Sai dai idan mai shan wiwi ya fara surutai shi kaɗai, ko zargin ana bin sa, wannan na asibiti ne ba tare da jira ba.

Ina za a je, kuma me ake yi a can?

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati a Barnawa cikin Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano. Manyan asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, suna da sashen likitocin ƙwaƙwalwa. A Nijar akwai irin wannan sashe a babban asibitin ƙasa da ke Yamai. Hukumar NDLEA, wadda aka fi sani da kame, tana da ɓangaren ba da shawara da gyaran hali a ofisoshinta na jihohi, kuma tana da lambar kira kyauta dare da rana, 0800 1020 3040. Idan duk waɗannan sun yi maka nisa, fara da babban asibitin da ke kusa, su tura ka inda ya dace.

Mutane suna cewa "a kai shi a wanke masa ƙwaƙwalwa", kamar akwai wani ruwa da za a ɗaura a wanke kai a dawo da shi sabo. Babu wannan ruwan. Abin da ake yi kashi uku ne. Na farko a taimaka wa jiki ya ƙetare ciwon yaye da magungunan da ke rage azabar. Na biyu a bincika ko akwai wata cuta a ƙarƙashi, domin sau da yawa shaye-shaye rufi ne a kan ciwon damuwa, ko firgicin wani abu da ya taɓa faruwa da mutum, ko ciwon jiki da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Idan ba a magance wannan ba, ƙofar komawa a buɗe take. Na uku, wanda ya fi kowanne tsawo, shi ne zaman tattaunawa da ƙwararre, inda mutum zai koyi gane abin da ke tunzura shi ya sha da yadda zai kauce masa. Masu bincike a wannan fanni sun daɗe da lura cewa kulawar da ba ta kai wata uku ba amfaninta kaɗan ne. Ba lallai ne a kwantar da mutum duk tsawon lokacin ba, da yawa suna zuwa ne daga gida.

Gidan mari fa?

Iyaye ba don mugunta suke kai 'ya'yansu gidan mari ba, gajiya ce da rashin sanin wata mafita. Amma mun ga abin da ke faruwa a wasu daga cikin gidajen nan. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun buɗe wani gida a Rigasa cikin Kaduna suka fito da sama da mutum 300, manya da yara, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. Cikin makonnin da suka biyo an buɗe wasu a Daura da Katsina da Zariya. Sarƙa tana hana mutum zuwa wurin dila, iyakarta ke nan. Ba ta koya masa abin da zai yi ranar da aka kwance shi, kuma yakan fito da sabon ciwo a zuciya da ƙullin iyayensa, wanda shi ma dalili ne na komawa. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Najeriya a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta tabbatar wa mai irin wannan lalura haƙƙin a kula da shi cikin mutunci.

Wannan ba yana nufin a ajiye addini gefe ba. Addu'a, da komawa ga ibada, da samun malami ko fasto mai sauraro ba mai tsawa ba, suna daga cikin abin da ya fi riƙe mutane a kan hanya. Malaman tafsiri ma suna karantar da cewa haramcin giya mataki-mataki ya sauka: aka fara da bayyana cewa cutarwarta ta fi amfaninta, sannan aka hana kusantar salla cikin maye, kafin hani na ƙarshe ya zo a Suratul Ma'ida. Mahaliccin mutum ya san yadda sabo ke riƙe shi. A yi addu'a, a kuma je asibiti, kamar yadda ake yi wa mai karaya.

Nawa abin zai ci?

Kiran lambar NDLEA kyauta ne. Ganin likita daga gida a asibitin gwamnati shi ne mafi sauƙi: kuɗin kati, gwaje-gwaje da magani. Kwanciya ta fi tsada saboda gado da abinci, cibiyoyi masu zaman kansu kuma sun ninka na gwamnati nesa ba kusa ba. Kafin ku biya ko sisi a wata cibiya, ku yi tambaya uku: akwai likitan ƙwaƙwalwa da ke duba marasa lafiya? Za a bar mu mu riƙa ziyara? Wane shiri kuke da shi bayan an sallame shi? Inda aka hana ziyara kwata-kwata, ku juya.

Sannan ku yi wani lissafin. Wanda ke kashe naira 2,000 kullum a kan ƙwaya, a wata ya kashe 60,000, a shekara 730,000. Ba a sa wayar da aka sayar ba, da ɗan kunnen uwa da ya ɓace, da kuɗin beli.

Bayan jiki ya lafa, sai me?

Nan ne ainihin aikin yake, kuma nan ne aka fi sakaci. Gida ya yi murna an sallamo shi ya yi ƙiba, ya yi haske, sai kowa ya koma harkarsa. Shi kuwa ya dawo ɗakin nan dai, layin nan dai, abokan nan dai, ga yini guda cur babu abin yi.

Akwai wani darasi daga yaƙin Biyetnam. A farkon shekarun 1970 hankalin gwamnatin Amurka ya tashi da ta gano yawan sojojinta da ke shan hodar heroin a fagen daga. Aka sa wata mai bincike, Lee Robins, ta bi diddiginsu bayan sun koma gida. Kusan ɗaya cikin biyar na sojojin sun ce sun kamu a can. Abin mamaki, a cikin waɗanda suka kamun, wajen kashi 5 cikin 100 ne kawai suka sake kamuwa a shekarar farko da komawarsu, kuma a cikin shekara uku adadin bai wuce kashi 12 ba. Mutanen ba su canza ba, inda suke ne ya canza: babu fargabar yaƙi, babu abokan shan, hodar ba ta arha a bakin ƙofa, ga iyali ga aiki.

Kai ba za ka iya ƙaura zuwa wata nahiya ba, amma kana iya canza abubuwa da yawa a inda kake. Goge lambar dila, in da hali ma canza layin waya gaba ɗaya. Idan hanyarka ta zuwa kasuwa tana bi ta gaban kemis ɗin da ka saba, zagaya ko da za ka ƙara tafiyar minti goma. Majalisar da kuke sha kuwa sai haƙuri da ita. Wannan yana da ciwo, domin a cikinsu akwai waɗanda kuka taso tare, kuma za su ce ka zama ustaz, kana wulaƙanta su. Gaishe su daga nesa. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Idan akwai dangi a wani gari da za su riƙe ka wata uku ko shida da sana'a a hannu, karɓi tayin.

Sai batun lokaci. Shaye-shaye aiki ne na yini guda: neman kuɗin, neman kayan, sha, farfaɗowa. Idan aka cire shi, rami ne babba ke buɗewa, kuma idan ba ka cike shi ba zai cika kansa. Tsara yininka tun daga asuba har kwanciya, musamman lokacin da ka saba sha, wanda ga mutane da yawa tsakanin la'asar ne da bayan isha. Koyon ɗinki, gyaran waya, zaman shago, makarantar dare, ƙwallon yamma, duk abin da zai sa wani ya jira ka a wani wuri a wani lokaci. Kada ka raina aikin saboda ƙanƙantarsa. Dubu ɗaya da ka samu da guminka ka kai wa mahaifiyarka tana gyara wani abu a cikinka da magani ba ya kaiwa.

Kwaɗayin abin zai riƙa taso maka, wani lokaci bayan watanni, ba sallama. Warin hayaƙi, wata waƙa, faɗa da matarka, kuɗi a aljihu ranar biya. Abin da ya kamata ka sani shi ne yana zuwa ne kamar hadari: ya haɗu, ya yi duhu, ya wuce, yawanci a cikin rabin awa idan ba ka ciyar da shi ba. Kada ka zauna kai kaɗai kana kokawa da shi. Tashi ka bar wurin, yi alwala, yi tafiya, ci abinci, kira wani. Yunwa, fushi, kaɗaici da gajiya su ne ƙofofi huɗu da ya fi shigowa ta cikinsu.

Wanda za ka kira ɗin, tun yau za ka zaɓe shi. Mafi dacewa shi ne wanda ya taɓa shiga ya fita, domin ba za ka iya yi masa ƙarya ba, shi ma ba zai yi maka kallon banza ba. A kan wannan aka kafa ƙungiyar mashaya giya masu taimakon juna a Amurka a 1935, wadda ta bazu a duniya: mutum biyu da suka kasa bari kowa shi kaɗai, suka iya da suka riƙa zama tare. Shawarar da suka fi ba sabon shiga ita ce kada ya ɗauki alkawarin har abada, ya ɗauki na yau kaɗai, gobe ya sabunta. Tambayi asibitin ko suna da irin wannan zama na rukuni.

Amana kuma ba za ta dawo ranar da ka daina ba. Za a ci gaba da kulle ɗaki idan ka shigo, idan abu ya ɓace kai za a fara kallo. Zai yi maka zafi, amma ka tuna sau nawa ka yi alkawari a baya. Biya bashin da za ka iya biya, nemi gafarar wanda ka cuta, sauran ka bar wa lokaci.

Idan ya koma ruwa fa?

Yana faruwa, kuma ba ya nufin asarar duk abin da aka yi. Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani sukan koma aƙalla sau ɗaya, adadin da ya yi kusa da na masu hawan jini da asma da ciwonsu ke tashi bayan ya lafa. Mai hawan jini idan jininsa ya sake hawa, likita ake koma wa a gyara magani. A nan ma haka ne: a koma a cikin kwana ɗaya ko biyu, a binciki abin da ya jawo, a toshe wannan ƙofar.

Amma akwai haɗari guda da dole kowa a gidan ya sani. Wanda ya yi makonni bai sha ba, jikinsa ya daina jure abin da yake jurewa a da. Idan ya koma ya sha adadin da ya saba, numfashinsa na iya tsayawa. Mutane da yawa a wannan gaɓar ake rasa su, bayan fitowa daga asibiti ko gidan yari. Idan kuka ga an kasa tada shi, numfashinsa ya yi ƙasa ko yana wani irin minshari, leɓɓansa sun canza launi, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura, kada ku ce barci ne a bar shi ya huce. Kada ku ɗura masa madara ko manja, zai iya shaƙewa. Ku kwantar da shi a gefensa, ku garzaya asibiti, ku tafi da kwalbar ko fallen ƙwayar da ya sha. Akwai allura mai suna naloksan da ke karya ƙarfin kodin da danginsa cikin mintuna idan an kai shi da wuri.

Mu 'yan uwa, me za mu yi?

Ku yi masa magana lokacin da yake cikin hayyacinsa, ba lokacin da ya shigo a buge ba, kuma ba a gaban ƙannensa ba. Mutum ɗaya ko biyu da yake jin nauyinsu sun isa. Ku faɗi abin da kuka gani da idonku da abin da kuke tsoro, sannan ku zo da tayi a hannu: ga asibitin, ga ranar, ni zan raka ka. Idan ya ƙi yau, ku sake gwadawa. Ku ma kuna iya zuwa wurin likitan ku kaɗai ku nemi shawara tun kafin ya yarda.

Ke uwa, na san zuciyarki ba ta iya ganin yana roƙo ki hana. Ba shi abinci, ba shi sutura, biya kuɗin magani kai tsaye a asibiti, amma kada ki damƙa masa tsabar kuɗi, kuma ki daina rufa masa asiri a wurin mahaifinsa. Kai uba, korar sa daga gida tana miƙa shi ne ga waɗanda ke sayar masa. A sa doka a gida, a tsaya a kanta, amma a bar ƙofa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Akwai kuma shawarar da ake yawan bayarwa a zauren gida: a yi masa aure zai nutsu. Ina roƙonku kada ku yi haka. Aure ba ya warkar da kamuwa, ƙarin nauyi ne a kan wanda ya kasa ɗaukar kansa, kuma 'yar mutane ce za ta biya kuɗin gwajin, ita da 'ya'yan da za a haifa. A bari ya samu aƙalla shekara guda a tsaye, da sana'a a hannu, sannan a faɗa wa gidan yarinyar gaskiya su yi zaɓinsu da ido buɗe. Haka nan idan 'yarku ce ta kamu: a kai ta wurin likita, a nemi ma'aikaciya mace idan hakan zai sa ta saki jiki ta yi magana, a kuma tanadi wanda zai riƙe mata yara a ranakun da take zuwa asibiti.